Mai Gadin Waken Soya

Sun ba ni tocila da usur,
da bindigar da ban taɓa harbawa ba.
Suka ce: Crispín, daga wannan waya zuwa waccan
ko akuya kada ta gifta.
Wace akuya? Ta ƙarshe a ƙauyenmu na San Pedro
Ña Eleuteria ta sayar, ta yi kuɗin mota.

Waken soya har inda ido ya gaji,
tsayi ɗaya, kore ɗaya, kamar an yi wa ƙasa aski.
Sai dai ƙafata ba ta karanta takardar ciniki ba.
Tana sassautawa inda rijiyarmu take a da,
tana kauce wa bishiyar lemon da babu ita,
tana tsallake bakin ƙofar ɗakin da aka haife ni.

Babana, Eulogio, kadada goma gare shi:
rogo, masara, gyaɗa, auduga 'yar kaɗan,
da aladu biyu masu sunan makwabta.
Ba a kore shi da sanda ba.
Jirgin feshi ne ya riƙa wucewa ƙasa-ƙasa,
ganyen rogo ya nannaɗe, kaji suka bi,
ƙanwata ta kwana tana susa.
Shekara ta uku ya dangwala yatsa.
Ya ce tawadar ta fi ƙasar wuyar wankewa.

A da, in rana ta take,
ƙaho ɗaya na tereré ke zaga mu duka,
mai shanu da mai kwadago, baki ɗaya, tsinke ɗaya.
Yanzu kowa da matakalarsa.
Anacleto ya koyi tuƙin injin girbi,
yana zaune cikin gilashi da sanyin na'ura,
aikin mutum ɗari a tafin hannunsa;
in ya ɗaga mini hannu, sai in rasa ko gaisuwa ce.
Don Fulgencio mai kanti ya zama dillalin filaye,
ya san bashin kowa, don haka ya san farashin kowa.
Malamar makaranta ta kulle aji da ɗalibai huɗu.
Mai gonar kuwa ban taɓa ganinsa ba.
An ce kamfani ne. Kamfani ba ya zuwa jana'iza.

Sauran suna bakin kogi a Asunción,
cikin ɗakunan kwali da langa-langa,
suna tsintar robobi a bola kafin gari ya waye.
Hannun da ya san lokacin tonon rogo
yanzu ya san nauyin gwangwani.
In ruwa ya cika, su kwashe su hau tudu;
in ya janye, su koma. Manomi da bin ruwa.

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu,
na ji waya ta yi ƙara.
Na haska. Ña Eleuteria ce, zane ya maƙale a ƙaya,
kyandir a hannu, ashana a baki.
Kwana ɗaya ta yi a mota
don ta nemo inda aka binne mijinta.
Ta dube ni, ta dubi bindigar,
ta ce: ɗan Eulogio, ka yi ƙiba.

Usur yana wuyana. Albashi ranar Juma'a ne.
Yarana uku suna cin abin da wayar nan ta haifa.

Na kashe tocila.
Na ce: Inna, kin yi hagu da yawa,
bi ni, taki arba'in ne daga rijiya.
Muka kutsa cikin waken, raɓa har gwiwa,
ita tana lissafin matattu, ni ina lissafin taki.

Da safe na rubuta a littafin aiki:
Babu abin da ya faru.
Na durƙusa na kankare kakin kyandir daga ƙasa,
na sa a aljihu.
Har yanzu da ɗan ɗuminsa.